Ja da Baya a Filin Igwa

Kowa a barikin ya san ƙa'ida: motar igwa ba ta ja da baya sai da mutum biyu a ƙasa, ɗaya a gaba yana yi wa direba nuni da hannu, ɗaya a baya yana zame masa ido. Direba a cikin akwatin ƙarfe yake, duniyarsa 'yar taga ce kamar bakin aljihu.

Saje kuwa ba ya son jira. Bara ya yi wa wani direba nuni da hannu shi kaɗai, alhali makanike yana durƙushe a baya yana duba sarƙar da motar ke tafiya a kai. Ƙafar makaniken ta tafi. Wajen bincike Saje ya rantse ya sa mutum a baya, makaniken ne ya kutsa. Makaniken nan yayan Kurma ne, direban da ƙarar igwa ta cinye wa kunne ɗaya. Yanzu matar yayan ke tallabarsa zuwa banɗaki.

Ranar da Kanar ya zo duba kayan yaƙi, Kurma ya ga inda aka ajiye motar Kanar ɗin, daidai bayan igwarsa. Ya leƙa ciki, ba kowa. Ya hau igwarsa ya zauna a kujerar direba.

Saje ya iso yana gumi. "Kai, toshe-kunne, mayar da ita layi."

"Na baya fa, Saje?"

"Uwarka za ta zo ta tsaya? Kalli hannuna kawai."

Kurma ya kalli hannun. Hannu ya ce taho baya, ya taho, a hankali, ba gaggawa. Ya ji ƙarfe yana lanƙwashewa ƙarƙashinsa kamar gwangwani, gilashi yana tartsatsi, bai ɗaga ƙafa ba sai da Saje ya dunƙule hannu alamar tsayawa.

Kanar ya fito daga ofis da rakiyarsa. Ya daɗe yana duban abin da ya rage na motarsa, sannan ya ce a sauko da direba.

"Wa ke tsaye a baya?"

Kurma ya ƙame. Da ma da ƙarfi yake magana, yau kuwa har masu gadin ƙofa sun ji.

"Babu, ranka ya daɗe. Saje ba ya sa kowa. Bara ma bai sa ba."

Kanar ya juya kan Saje sannu a hankali. "Me ya faru bara?"