Koren Ƙyauren Tsallaken Titi

Wata bakwai da zuwansu ƙasar, takardar zaman mijinta ta ƙare, aka ƙi sabunta masa. Tata tana da sauran shekara biyu, domin otal ɗin da take wa wankin zannuwan gado ne ya tsaya mata. Tun daga ranar ya daina fita. A hawa na uku suke, ɗaki ɗaya da kicin, da taga mai kallon titi. Sunanta kaɗai ke jikin akwatin wasiƙa. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ya kashe rediyo ya shige banɗaki.

Doguwa, wadda suke ninke zannuwa tare, ita ta yi mata maganar coci. Ta ji ta tana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa a bakin injin busarwa, sai ta ce akwai inda suke taruwa ran Lahadi, a saman wani shagon taya. Mijin ya ce kada ta je. Ya ji labarin wani da aka kama kwana biyu bayan ya ba da shaida a gaban jama'a a coci. Ta ce rabonta da sujada cikin mutane tun kafin su hau jirgi. Ya ce to ta je, amma ta bar bakinta a gida.

Ɗakin cocin yana warin sabuwar taya. Kujeru arba'in ne, ta ƙirga, mutane ashirin da shida. Fasto ya ɗora kwat a kan rigarsa ta aikin gadi. Ta zauna a kujerar da ta fi kusa da ƙofa.

Da aka tashi, wata dattijuwa mai tabarau ɗaure da zare ta tare ta da baƙin littafi a hannu. Mama Mai Littafi suke kiranta. Ta tambayi suna, da adireshi, da ranar hutunta, da yawan mutanen gidan. Ta amsa mata cewa ita kaɗai ce, ranar Alhamis take hutu. Adireshi kuwa, sai ta ba da lambar gidan da ke tsallaken titi, mai koren ƙyaure, wanda ake gani sarai daga tagarsu.

Mijin ya yaba mata. Ya ce yanzu za su gani: in masu kaki suka zo koren ƙyauren, sun san inda littafin yake ƙarewa.

Ran Alhamis tun ƙarfe goma suna bayan labule. Sha biyu saura wata farar mota ta tsaya a bakin koren ƙyauren. Mijin ya sa takalmi. Mama ce ta fito, da wani direba mai furfura, ɗauke da hitar ɗumama ɗaki da bargo. Ba su buga ƙofa nan da nan ba. Direban ya buɗe ƙofofin motar duka, har ta baya, ya bar su a wangame. Ba komai a ciki sai kujerun coci. Suka tsaya a gefen titi kamar minti biyar, ba abin da suke yi. Mijin ya ce alama suke yi wa wani.

Wani tsoho mai ƙaramin kare ne ya buɗe musu. Suka shiga, suka yi minti arba'in, suka fito babu hitar. Mijin ya tsare tagar har Asabar. Ban da mai kawo wasiƙa da motar shara, ba wanda ya tsaya a wurin.

Ran Lahadi ta tarar da tsohon zaune a kujerarta ta bakin ƙofa. Bayan addu'ar rufewa Mama ta kama wuyan hannunta.

"'Yata, kin ƙara mana mutum. Shekara huɗu ba wanda ya buga wa bawan Allahn nan ƙofa."

Ta fara cewa lambar ce ta rikice mata, har yanzu baƙuwa ce. Mama ta ce ta huta.

"Ni da na zo, adireshin gidan mai na ba su. Fasto kuwa maƙabarta ya rubuta."

Direban, yana wucewa da kujeru a kafaɗa, ya ce ai Fasto ne kaɗai bai yi ƙarya ba, gaggawa dai ya yi.

Mama ta ce kusan duk baƙon da ya zo, ƙofar da yake iya gani daga tagarsa yake bayarwa. Shi ya sa suke zuwa da rana tsaka, ranar hutun mutum, su buɗe motar, su tsaya a fili, domin mai leƙe ya gama leƙensa. Ta buɗe mata littafin. Sunaye da biro, adireshi da fensir. A ƙarƙashin sunanta babu komai sai dattin gogewa.

Ta daɗe tana kallon shafin. Wanda yake son ta saki jiki ya kama ta, shi ma haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Ta dubi Doguwa tana share ƙasa, da Fasto yana cire kwat zai koma gadi.

Mama ta rufe littafin ta maƙale shi a hammata.

"Hitar ta tafi, zan nemo wata. Bargo nawa zan ɗauko?"

"Biyu, Mama," in ji ta. "Ku tsaya inda kuka tsaya rannan. Ni zan sauko."

Da ta faɗa wa mijin, bai ci abincin rana ba. Ya ce kalma ɗaya ta ba su, "biyu", kuma ta ishe su.

Ran Alhamis yana bayan labule da takalmi a ƙafa lokacin da ta tsallaka titi. Direban ya sake buɗe ƙofofin motar. Mama ta miƙa barguna biyu da hita, ta tambayi lafiyar gida ba tare da ta ce wa ba. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga kai ta dubi tagogin ba. Mijin ya lura da wannan, ya ce bai san ko alheri ba ne ko ƙwarewa.

Da ta hau sama hannuwanta cike suke, ta kasa ciro makulli, sai ta buga ƙofar da gwiwa. Rediyo yana kunne. Mijin da kansa ya buɗe mata.