Jan Maɓalli

Ina fifita gawayin da nake gasa ƙarfen dalma a rumfata ta kasuwar Konni, sai ga Goggo Uwani daga Bazaga, rakoda a kai, kaset ƙulle a bakin zane. Ɗanta Munkaila ne, wanda fari ya kora Abijan, ya aiko mata da muryarsa. Rakodar ta maƙwabcinta Labo ce, Munkaila ya fara magana ke nan ta ƙi motsi. Har littafin da aka sayo ta da shi Goggo ta haɗo.

Na yi dariya. Ni Na'Allah, da na ci yunwa biyu na tashi, na gyara rediyon jandarma ban taɓa taka lakwal na yi boko ba, takarda ce za ta koya mini aiki? Na karɓi littafin na ci gaba da fifita da shi. Ya ma fi kwalina kama iska.

Ciwon ƙarami ne, bel ya tsinke. Na yanko wani daga robar keke na ɗaura. Na saka kaset, na danne maɓalli biyu, har da jan, don a ganina ja shi ne ƙarfi. Kaset na juyawa, babu murya. Na ce mata ta yi haƙuri, sai ta yi zafi, haka tsofaffin rediyo suke. Kafin nan na ba 'yan kallo tarihina, ban rage komai ba.

Da shirun ya yi yawa na mai da kaset farko, na danna maɓalli ɗaya.

"Inna, ina gaishe ki. Batun zuwana gida..."

Ƙas. Sai wani tsoho ya karɓe, yana rantsuwa ba a haifi injin da zai gagare shi ba. Sai da mahauta suka fashe da dariya na gane mai maganar.

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki littafin, ta kaɗe toka, ta yi ta buɗawa. Ita ma ba ta karatu, amma wannan shafin bai nemi karatu ba: ga jan maɓalli, ga hoton mutum yana magana cikin rakoda. Ta ɗora yatsa a kai, ta dube ni.

"Mai da shi farko, Malam."

Na mayar. Munkaila ya gaishe ta, ya kai ga zuwansa gida, na tsayar kafin tsohon nan ya buɗe baki. Ta ce a sake. Haka muka yi har kasuwa ta watse.

Ku tambaya a duk Konni, har yau babu hannun da ya kai nawa saurin tsayar da kaset.