Roƙo na Uku na Saltanat

An buɗe magudanar madatsar ruwan Kuandik Omarov ranar Talata da hantsi, kuma shi da kansa ya ɗaga buhu na farko, bayan kwana tara yana cewa ba za a buɗe ba. Madatsar tana kilomita huɗu sama da ƙauyen Kosbulak, a tsakiyar Kazakistan, cikin makiyayar da yake kiwon dawaki ɗari uku da 'yan kai. Gidaje goma sha ɗaya ne a bakin kwarin da ruwan zai bi idan ta fashe.

Bangonta na ƙasa ne zalla, tsayinsa mita shida. Mahaifin Kuandik ne ya tara shi da katafila shekara arba'in da suka wuce, ya bar magudana a gefen hagu don rarar ruwa ta riƙa fita. Shekara biyu a jere tafkin yana ƙafewa tun watan Agusta. Kuandik ya riƙa kora dawakinsa kilomita goma sha takwas zuwa rijiya, goɗiyoyi tara suka yi ɓari. Kafin sanyi ya shigo sai ya cika buhu saba'in da ƙasa ya toshe magudanar, don ruwan dusar ƙanƙara ya taru fiye da kullum. Makiyaya da yawa a nan suna yin haka, ba sa kuma ɗaukar sa laifi.

Bana dusar ta yi yawa, ɗumi kuma ya zo da wuri.

Saltanat Ibrayeva ita ce injiniyar da ke duba ƙananan madatsu a gundumar. 'Yar ƙanwar Kuandik ce. A zuwanta na farko ta auna, ta tarar saura santimita tamanin ruwa ya kai saman bango. Ta rubuta masa takardar umarni. Ya karanta, ya ɗora butar shayi a kanta. Madatsar ba ta cikin rajista, don haka ba ta da ikon tilasta masa, kai maganar kotu kuwa zai ci wata guda.

Ranar Talata ta dawo. Saura santimita talatin da ɗaya. A gindin bangon, ta bayan, ruwa yana tsiyaya ta wuri biyu, ba garau ba, da jar ƙasa a ciki.

Ta same shi a kan bangon bisa dokinsa.

"Kawu, sauko da dokin nan. Nauyinka kaɗai ma ya ishi bangon."

"Ka ji 'yar birni. An ƙaro wata takardar? Waccan ta jiƙe."

"Ka ga ruwan da ke fita a ƙasa?"

"Kowace shekara yana fita."

"Da laka?"

Ya juya kan dokin wajen tafkin.

"Bangon ne yake cin kansa daga ciki," ta ce. "Idan ya rushe, minti ashirin ruwan zai yi ya isa gidan Inna Bibigul. Da sanda take tafiya, ka sani."

"Ubana ya gina wannan tun uwarki tana goge majina da hannun riga. Bai taɓa motsi ba."

"Kakana bai taɓa toshe magudana ba."

"Kakanki bai ga fari irin na bara ba. In na saki ruwan nan, a Agusta ke za ki shayar mini da su? Da me, da biro?"

Ta naɗe tef ɗin awonta, ta sa a aljihu.

A wajenmu, a nan Kazakistan, ɗan 'yar'uwa yana da haƙƙi a gidan kawunsa. Sau uku a rayuwarsa yana iya nuna abin da yake so, doki ne ko sirdi ko bindiga, kawun kuma ba ya cewa a'a. Wanda ya hana, har jikokinsa za a riƙa yi wa gori a wajen biki. Yawanci yara ne ke amfani da haƙƙin, manya kan bar shi ya zama abin wasa.

"Kawu, sau nawa na taɓa ɗaukar abu a gidanka?"

Ya dube ta daga saman dokin. "Biyu. Duƙushin nan mai farin goshi, kina shekara bakwai. Da agogon ubana, ranar da za ki tafi karatu. Ɓarauniya tun kina ƙarama."

"Saura ɗaya ke nan."

"Ɗauki ingarman can. Ya fi motarki daraja."

"Buhunan nake so."

"Buhun ƙasa?"

"Duka saba'in. Yau nake son kayana."

Makiyayansa biyu, Serik da Nurlan, suna tsaye kusa da tarakta, sun ji komai. Kuandik ya kalle su, suka sunkuyar da kai.

"Ba haka ake amfani da al'ada ba."

"Ina aka rubuta?"

"Ke da uwarki duk hali ɗaya." Sannan ya sauko, ya miƙa wa Serik linzami, ya tuɓe babbar rigarsa. "In dokina ɗaya ya mutu da ƙishi bana, a ƙofar ofishinki zan ajiye gawar."

"Na ji. Layin sama za mu fara cirewa, ba duka lokaci ɗaya ba. In ruwan ya fita da ƙarfi zai yanke bakin magudanar."

"Yanzu kuma koya mini ɗaukar buhu za ki yi?"

Su huɗu suka yi aikin, cikin ruwan ƙanƙara har gwiwa. Layi ɗaya, su jira awa guda, sannan wani layin. Da la'asar an kwashe buhu hamsin da biyu. Saltanat ta sa aka jera su a gindin bangon, a kan wuraren da ke tsiyaya.

Zuwa safiyar Laraba ruwan ya sauka da santimita goma sha tara. Wuri ɗaya ya daina fitar da laka, ɗayan bai daina ba. An kwashe mutanen gidaje goma sha ɗayan zuwa makarantar ƙauyen, ban da Inna Bibigul, wadda ta ce ba ta barin kajinta.

Kilomita bakwai sama da madatsar Kuandik, a kwari ɗaya, akwai wata irinta, ita ma a toshe. Mai ita yana zaune a birni. Saltanat ta kira shi sau goma sha huɗu tun ranar Litinin, bai ɗauka ba.