Ƙafar Rabi'atu

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, Malam Yero, malamin firamare a Bagudo, ya dawo da matarsa Rabi'atu daga asibitin Sakkwato. An cire mata mama ɗaya saboda ciwon daji. Likita ya ja masa kunne: ciwon yana harzuƙa ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, su kuma cikin faɗan sai su sa jini ya yi guda a jijiya. In ƙafa ta kumbura, kada a matsa, kada a murza, gudan zai iya ɓallewa ya toshe huhu. A dawo da ita kawai.

Ƙafar hagu ta kumbura, ta yi zafi. Yero ya fita neman mota, aka ce sai ran kasuwa. Da ya dawo da hantsi, sai ga baƙin takalma a ƙofar ɗaki. Inna Tasallah ce, uwar Rabi'atu, ta iso daga Dahome da ƙwaryar man kaɗanya.

Suruki ba ya shiga ɗakin da surukarsa take. Yero ya tuɓe takalmi, ya durƙusa bayan zana, ya yi gaisuwa har ta gajiyar hanya da lafiyar shanu. Mutumin da ke koya wa yara zagayawar jini a allo, ga shi yana tambayar lafiyar shanu. Sannan ya kira Khadijatu, ƙanwar matarsa.

"Ki ce wa Inna, don Allah kada a taɓa ƙafar nan. Likita ya hana."

Khadijatu ta shiga. Muryar tsohuwa ta fito ta cikin zana, ba ta ko kama sunansa ba.

"Ki ce ma wancan, likitan da ya yanke min ɗiya kamar akuyar layya shi ka hani? Mi ya sani? Kahin a haihi ubanai nike matsar ƙahwa."

"Ki ce mata jini ne ya yi guda."

"To ai shi za mu watsawa!"

Ya ji ƙamshin man a wuta. Ya ji Rabi'atu ta ce, "Wayyo Inna, a hankali." Bai tashi daga durƙuson ba. Ya sake kiran Khadijatu, ya sake aika roƙo, da ladabi.

Sai da ya ji tari, tari busasshe mai yanke numfashi, sannan ya ture zanar ya faɗa ɗaki, ya damƙe hannun tsohuwa ya fizge shi daga sharaɓar matarsa.

"Sake ta!"

Rabi'atu ta dafe ƙirji tana neman iska. Leɓenta ya yi baƙi. Kafin azahar an rufe mata fuska.

A zaman makoki, maza suka yi masa gaisuwa suna kallon tabarma. Ba wanda ya tambayi abin da ya kashe ta. Daga ƙauyen Sharabi har na Lafagu, labari ɗaya ake bayarwa: malamin boko ya kama hannun surukarsa.