Tsatsar Shekara Uku

Shekara uku Auta tana kiwon tsatsa. Haka Yaya yake tsokanarta: mutane na kiwon kaji, ita ƙanwarsa tsatsa ta sa a gaba. Ji kawai yake, bai taɓa ganin abin da idonsa ba.

Babansu bakanike ne. Da ya rasu Yaya ya gaji garejin, ita kuwa ta roƙi sifana goma sha biyu daga kayan aikin marigayin. Ta jera su a akwatin gilashi, ta sa ruwan gishiri yana ɗiga a kansu dare da rana. Ƙarfe in tsatsa tana cinsa yakan saki 'yar wutar lantarki da ba ta isa ta kunna ko tocila ba. Auta ta bi wutar nan da siraran wayoyi har zuwa lasifika, sai ta zama wani gurnani ƙasa-ƙasa, kamar mutum yana nishi a ɗakin maƙwabta. Tun ranar jana'iza hawaye suka ƙi zo mata, wannan sautin ne yake yi mata kukan.

Sau biyu gidan baje kolin fasaha yana dawo mata da takardarta ta neman gurbi. A karo na uku shugabar gidan ta saurari akwatin, ta ba ta ɗaki guda, ta ce, "Tsatsar ce aikin. Ki kawo ta yadda take."

Ranar buɗewa da safe Yaya ya ɗauko akwatin a motarsa, lulluɓe da bargo. Suna saukewa waya ɗaya ta tsinke. Auta ta bar shi gadi, ta tafi nemo wata, cunkoson motoci ya riƙe ta awa biyu.

Tun daga bakin ƙofa warin man inji ya tare ta.

Yaya na zaune a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ga burushin ƙarfe, ga tsumma, ga galan ɗin man inji da ya ɗauko a but ɗin motarsa. Sifana goma sha biyu a jere kan bargon, daga ƙarama zuwa babba, suna ta ƙyalli. Aiki dai ya yi kyau, Allah ya isa.

"Yaya, me ka yi?"

"Me na yi? Ke me kika yi? Kayan Baba ne fa! Mutumin da bai taɓa barin sifana ta kwana da danshi ba, shi ne za ki tara jama'a su ga kayansa kamar an tono su a bola?"

"Tsatsar za a gani, Yaya. Ita ce aikin!"

Ya tsaya yana kallonta, sai jikinsa ya ɗan yi sanyi. "To, a sake jiƙa su mana. Kafin gobe sun yi ja."

"Shekara uku," in ji ta.

Shugabar gidan ta leƙo, ta dubi bargon, ta dubi ɗaya ta dubi ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba, irinsu ba sa yi. Ta ce a rufe ɗakin, kuma jerin masu baje koli na shekara biyu masu zuwa ya riga ya cika.

Yaya ya ɗaga sifana mai lamba goma sha huɗu. Ƙugunta ya sirance, duk ramuka. "Saura kaɗan ta karye. Da wannan ya koya mini kwance noti, ina ɗan shekara tara. Kin san haka?"

Ba ta sani ba. Ba ta taɓa tambaya ba. Ya sa sifanar a aljihu, ya tattara galan ɗinsa ya fita, ko sallama babu.

Ƙarfe huɗu baƙi suka fara wucewa ta bayan ƙofar, ana ta hira da dariya. Auta ta mayar da sha ɗayan da suka rage cikin gilashin, ta haɗa sabuwar wayar, ta buɗe ruwan. Ɗigon ya sauka a kan mai ya gangare. Ta kara kunne a lasifika, shiru.

Sai ga hawayen da ta jira shekara uku sun ɓalle. Abin da ya fi yi mata ɗaci, ta san sarai ba don Baba take kukan ba.