Ƙafar Osbern

Kakan Osbern ya ƙetaro teku daga Normandi da doki guda da takobin aro, ya ƙwace wani tudu a kan iyakar Wales, ya kafa ganuwar katako. Uban Osbern ya mayar da ita ta dutse. Iyakar tarihin gidan ke nan, mutum uku, kuma na farkon ba wanda ya san sunan ubansa.

Osbern ya auri Gwerful, 'yar mutanen Wales, don a daina ƙona masa rumbuna. Ta haifa masa Hamon ta rasu. Wanta Ithel ya karɓi riƙon yaron yadda suka saba, Osbern kuwa bai hana ba, lokacin yaƙi ne a gabansa.

Sai da Hamon ya yi gemu Ithel ya dawo da shi. Osbern ya sa aka gasa barewa, aka fito da giyar Faransa. Yana kallon ɗansa, yana neman kamanninsa. Hancin nasa ne, amma tafiya da dariya duk na Ithel ne, mutumin da dukiyarsa ba ta wuce tumaki da sunayen kakanni ba.

"Suruki, ka ciyar da shi kuwa?" in ji Osbern. "Ko sunayen matattunku kuka riƙa dafa masa?"

"Ya ƙoshi da su," in ji Ithel. "Naku mun ba shi, loma uku suka ƙare."

Aka yi dariya, har da Hamon.

Da aka zauna cin abinci, Hamon bai nufi kujerar da aka ajiye masa a daman ubansa ba. Ya zauna a ƙasa gaban Ithel, ya cire masa takalmi, ya ɗora ƙafafun tsohon a cinyarsa yana matsawa. Haka ake yi wa dattijon gida a wajen su Ithel, kuma ba kowa ake ba wannan matsayi ba. Osbern ya sha yi wa al'adar ba'a, yana cewa aikin bayi ne.

"Tashi, Hamon. Magajin wannan ganuwa ba ya zama a ƙasa."

"Ƙafar Kawu na ciwo in ya yi doguwar tafiya, ranka ya daɗe."

Ranka ya daɗe. Tun safe Osbern ke jiran ya ji an ce Baba.

Ya sha giya, ya ce wa na kusa da shi mutanen duwatsun Wales ba su da kunya. Can ya sunkuya kamar abu ya faɗi, ya kwance igiyar takalminsa na hagu, ya zare shi. Ya miƙa ƙafar a ƙarƙashin tebur, wajen da ɗansa yake, ya yi gyaran murya.

Hamon bai waiwayo ba, Ithel na ba shi labarin wata tunkiya da ta ɓata. Ƙafar ta daɗe a kan dutse mai sanyi, har wani tsohon karen farauta ya zo ya shinshina ta, ya kwanta a kai. Osbern bai kore shi ba.