Ramukan Wada

A makarantar sakandaren da Malam Halliru ke koyar da noma a Isa, ba a cewa wane ne na ɗaya. Kowane ɗalibi ya zaɓi aikinsa, kuma ba ya matsawa gaba sai ya iya. Shekara ta biyu ke nan damina na gardama, don haka Wada da Jibrilla suka zaɓi aiki guda: haƙa ramukan tare ruwa a fakon bayan makaranta, a zuba taki, a shuka gero.

Jibrilla ɗan makiyaya ne daga Turba, sanda ya tashi da ita, ba hauya ba. Amma a sati uku Malam ya duba ramukansa ya ce ya wuce, ya shuka. Wada kuwa, jikan manoman Tozai, sau huɗu ana ce masa ya sake.

Kai, abin ya ci masa rai! In ya hangi Jibrilla yana zagaya filinsa shi kaɗai, ba mai tsaya masa a ka, sai ya ji kamar ya haɗiyi barkono.

"Malam, mi na laihin ramuna?" in ji Wada. "Sun hi nashi zurhi."

Malam Halliru ba ya ba da amsa a baki. Ya miƙa masa buta. "Zuba ruwa can bisa tudu, ka ga inda za shi bi."

"Ni za a koya ma tahiyar ruwa? Gona anka haihe ni!" Ya dangwarar da butar ya yi gaba.

Malam ba ya ba da iri sai ga wanda ya wuce. To, a gida akwai ƙwarya guda ta gero mai saurin nuna, wadda babansa Yari ya ɓoye a tukunya don iri, ya liƙe da laka. Yunwar bara duk ba ta sa an taɓa ta ba. Ranar Juma'a, Yari na masallaci, Wada ya kwashe, ya sake liƙe tukunyar da laka. Ya yi binne a ramukansa, ya shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. A ransa, in geronsa ya riga na Jibrilla tsira, kowa zai san wa ke da gadon noma.

Bayan kwana tara aka yi ɗan ruwa. Ramukan Jibrilla suka cika. Na Wada kuwa laima kawai suka samu, wadda ta isa ta tsirar da iri amma ba ta isa ta raya shi ba. Kwana shida rana ta ƙone komai.

Sai a lokacin ya ɗauki butar ya zuba. Ruwan ya gangaro, ya bugi tulin ƙasar da ya tara, ya kauce. Ashe ta gefen tudu ya yi ta tara ƙasar haƙa, yana tare ruwa daga shiga. Jibrilla, da ya girma yana lura da inda ruwa ke kwanciya don shanu, ta gefen gangare ya tara tasa.

"Yanzu ka iya," in ji Malam. Wada bai ji daɗin ko ɗaya ba.

Ran Talata aka yi ruwan shuka na gaske. Da safe Yari ya fito da sungumi a kafaɗa, fuskarsa a sake, rabon da a gan ta haka tun bara.

"Wada, Allah ya ji kukanmu. Hwasa tukunyag ga, ka ɗauko muna iri."